Ƙwarangwal Mai Ido Ɗaya da Waƙar da Ta Haɗa Ni da Yayana

Yau dai ba maganar kuɗin haya zan yi ba, ba kuma ta cunkoson motoci a Madalla ba, duk da na san su ne ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu da muke kwana a Suleja mu yini a Abuja. Maganar wani fim zan yi, fim ɗin ma na 'yan tsana, wanda a cikinsa gawa ce amarya, ƙwarangwal kuma shi ne mawaƙin biki. Na san wani zai ce lallai wannan bawan Allah ya rasa abin rubutawa. To a yi haƙuri a bi ni a hankali, domin fim ɗin nan ya taɓa haɗa ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, har muka yi kusan wata biyu ba ya ɗaukar wayata.

Wajen shekarar 2007 ne na saye shi, ba tare da na san na saya ba. Waɗanda suka yi zamanin za su tuna faya-fayan DVD ɗin nan da ake cusa fim goma ko sha biyu a faifai ɗaya, hoton bangon daban, abin da ke ciki daban. Na tsaya wajen wani mai tebur a kasuwar IBB na ce ya ba ni na katun, saboda yara sun yi hutu kuma sun hana uwarsu sakat. Duk ranar da aka kawo wuta sai su zauna su kalla. Cikin sati guda sun cinye faifan kaf, amma sai na lura fim ɗaya suke ta komawa, a cikinsa ma wuri ɗaya suke ta maimaitawa. Ina tsakar gida ina alwala sai in ji wani kiɗa mai tsalle-tsalle da wata murya mai kaushi kamar ta tsohon direban tirela, yara kuma suna ta ƙyalƙyala dariya. Ranar da na leƙa falo na ga abin da suke wa dariya, sai da na ce a'uzu billahi. Ƙwarangwal ne sanye da hular malafa, ido ɗaya gare shi, idon ma yana gangarawa daga wannan rami zuwa wancan, 'yan amshinsa kuma suna kaɗa haƙarƙarin juna kamar masu kiɗan ƙwarya.

Na ɗauki rimot zan kashe. Ban kashe ba. Na tsaya a bakin ƙofa har waƙar ta ƙare, sannan na ce wa babbar 'yata ta mayar da ita baya.

Sunan fim ɗin Corpse Bride, wato Amarya Gawa. An fitar da shi a 2005, Tim Burton da Mike Johnson ne suka ba da umarni, a Landan aka ɗauke shi, tsawonsa minti 77. Ba zane ba ne irin na su Tom da Jerry. 'Yan tsana ne na gaske aka ƙera da hannu, a ɗauki hotonsu, a motsa hannu ko gira ɗan kaɗan, a sake ɗauka, sai an tara hoto 24 kafin a samu daƙiƙa ɗaya. Mai karatu ya lissafa da kansa, zai ga hotunan sun haura dubu 100. Ni da nake zaune a garin da Ladi Kwali ta yi aikin tukwanenta, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ina girmama duk abin da aka yi da yatsu da haƙuri. Wanda ya yi kiɗan kuwa Danny Elfman ne, Ba'amurke, wanda ya daɗe yana aiki da Burton, kuma shi ne da kansa ya ari bakin ƙwarangwal ɗin nan mai ido ɗaya, mai suna Bonejangles, ya rera waƙar.

Labarin a taƙaice shi ne, wasu masu sayar da kifi sun yi kuɗi amma ba su da asali, wasu kuma 'yan gidan sarauta ne da asali amma ko sisi babu. Sai suka shirya haɗa 'ya'yansu aure, Victor da Victoria, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Ranar gwajin ɗaurin aure a gaban limamin coci, Victor ya rikice ya kasa furta kalmomin alkawari, kunya ta kore shi daji. Can yana ta maimaita kalmomin shi kaɗai, da ya ga ya iya sai ya zura zoben a wani abu da ya ɗauka saiwar bishiya ce. Ashe yatsan wata amarya ce, Emily, da aka kashe aka binne a wurin. Ta taso da rigar aurenta ta ce ta amsa, ta ja shi zuwa garin matattu.

Da ƙaramar Sallah ta wannan shekarar yayana ya zo mana daga gida, can ƙasar Katsina. Mutum ne mai tsare gida, kuma tun da na taho nan a farkon shekarun 1990, bayan gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, bai taɓa sakin jiki da zamana a nan ba. A ganinsa duk yaron da ya tashi a bakin hanyar Abuja ya tashi a tasha. Yana shigowa falo ya iske yara a gaban talabijin, ƙasusuwa suna rawa. Yara suka durƙusa suka gaida Baffansu, bai ko amsa da kyau ba. Da daddare bayan sun kwanta ya kira ni waje.

Ya ce, "Yanzu kai abin da kake ciyar da 'ya'yanmu ke nan? Mutuwa ta zama abin rawa? Ka ɗauko su ka kawo garin da ba naka ba, ka bar su da akwatin Nasara, ranar da ka mutu rawa za su yi maka."

Na ce, "Yaya, Allah ya huci zuciyarka, wasan yara ne."

Ya ce, "Da wasan yara ake fara komai."

Ban iya ba shi amsa ba a daren, don ba a ja-in-ja da babba, kuma gaskiya ni ma ban san me ya riƙe ni a bakin ƙofar nan ba. Na dai ji zafin "garin da ba naka ba", har na so in tuna masa cewa waɗanda suka kafa garin ma baƙi ne, Zagezagi da jihadi ya taso daga Zariya, Abu Ja ya kafa shi a 1828, kuma har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin Suleja. Na haɗiye. Washegari na yi kuskuren cewa shi ma ai ya yi tashe yana yaro, ya ɗauka raini ne, ya hau mota. Abin da zan rubuta yanzu shi ne amsar da na kasa ba shi a lokacin, na ɗauki shekaru kafin in haɗa ta.

Waƙoƙi huɗu ne kacal a fim ɗin, sai kiɗan fiyano a wurare biyu da ba za a manta ba. Abin da na fara ganewa shi ne, in ka cire ukun farko labarin ya rushe. Ba hutu ake ba mai kallo da su ba. A cikinsu ake faɗin abin da in da baki aka faɗe shi, da ya yi nauyi ko ya yi muni.

Ɗauki ta farko. Iyayen ango suna cikin keken doki suna murna za su shiga sahun manya. Iyayen amarya suna leƙe ta taga suna tsaki, wai yau su ne za su ba mai ƙarnin kifi 'yarsu, sai dai da suka buɗe akwatin ajiyar kuɗinsu ba komai ciki sai yanar gizo-gizo. Dabarar ita ce amshi ɗaya aka ba gidajen biyu. Waɗannan suna rera shi da fara'a, waɗancan suna rera shi kamar masu zaman makoki, kuma a duk tsawon waƙar ba wanda ya damu da ko yaran suna so. Kiɗan ma tafiyar agogo yake yi, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙirga kuɗi. Cikin 'yan mintoci an gama yi wa auren jari tsirara, ba tare da wa'azi ko zagi ba, kana dariya kana jin kunya.

Ta biyu ita ce ta mai ido ɗaya, kuma ita ce ta kama ni. Ka saurari kiɗan kawai, ka rantse bikin suna ake yi: kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka na da, ƙaho yana kuka, ganga tana gudu. Amma me ake faɗa? Labarin yadda aka kashe Emily. Yarinya kyakkyawa 'yar masu hali, wani baƙo mai daɗin baki ya zo gari, ubanta ya ƙi shi, baƙon ya ce su gudu, ta zo da gwala-gwalan gidansu. Ta sa rigar auren uwarta ta je ta jira shi cikin dare a gindin wata bishiya. Ya zo, ya kashe ta, ya kwashe dukiyar. Wannan labari ne da in a jarida ka karanta shi, abinci ba zai ciwu ba. To ga shi ana ba yara shi da rawa, kuma yarana 'yan shekara bakwai da tara sun fahimce shi sarai, sun tsani mutumin nan tun kafin a nuna musu ko wane ne. Daga baya na gane kiɗan ne ke riƙe hannun yaro har ya tsallake wurin da ke da ban tsoro. Ba don kiɗan ba da sun rufe ido, da sun rufe ido kuwa da ba su ji gargaɗin ba.

Ta uku kuwa ta tausayi ce. Emily ta gane cewa mijin da ta samu yana son mai rai. Masu lallashinta su ne wata gizo-gizo da wata tsutsa da ke zaune a cikin ƙoƙon kanta, wadda kan turo idonta waje in za ta yi magana. Suna ta kushe kishiyar, wai me ta fi ta da shi ban da numfashi. Duk matar da aka taɓa yi wa kishiya ta san irin waɗannan ƙawaye. Uwargidana ba ta kallon katun, amma a nan ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Wallahi ko a gidan biki haka ake yi." Emily kuma tana ba su amsa a sanyaye cewa jikinta ya daina jin zafi amma baƙin ciki bai bar ta ba. Kana cikin dariyar tsutsa sai ka ji wani abu ya tokare maka maƙogwaro.

Ta huɗu, ta shirin biki, ba ta kai sauran ba a wurina, hayaniya ta fi yawa. Abin da ya fi ta shi ne wurin da Victor ya zo ba Emily haƙuri ta ƙi kula shi, tana zaune tana taɓa fiyano, sai ya zauna a gefenta ya sa hannu. Ta yi nata da fushi, ya amsa da nasa, a hankali kiɗan biyu suka haɗu, har hannunta na ƙashi ya cire ya ci gaba da gudu a kan fiyanon shi kaɗai. Ba a ce uffan ba an shirya.

To yanzu ga tambayar da na so in yi wa Yaya. Wannan abu na haɗa dariya da abin tsoro a cikin waƙa, wa ya riga wani, mu ko su?

Mu tuna tatsuniyoyin da kakarmu ke yi mana a ɗakinta bayan isha'i. A ina waƙa ke shigowa? Daidai inda Dodo ya tsare hanyar rafi, ko inda kura ta zo bakin ƙofa tana kwaikwayon muryar uwa. Ba a taɓa sa waƙa a wurin da lafiya ke akwai ba. Ta-Kitse fa? Amarya ce da aka yi da kitse, kishiyoyi suka tilasta mata zuwa kusa da wuta ta narke. In wannan ba amarya gawa ba ce, ƙanwarta ce. Muna jin ta muna raɓewa a jikin tsohuwa, gobe kuma mu ce a sake.

Mu zo kan wasan jika da kaka. Wace al'umma ce yaro zai dubi tsoho ya ce masa ya yi ya mutu a sha gumba, tsohon ya yi dariya ya ce ai sai ya ga auren yaron tukuna? Mu ne. A garinmu, in tsoho ya cika shekaru ya rasu, 'ya'ya na kuka a zaure, jikoki kuwa sai an sallame su da 'yan kuɗi, wani ma ya ɗauki sandar mamacin yana kwaikwayon tafiyarsa har masu kuka su murmusa. Yaya da kansa ya yi wa kakanmu haka, ina tsaye. Ba wanda ya ce mun raina mutuwa. Mun san mutuwa rigar kowa ce, wasan kuma hanya ce ta saba wa yaro da ita tun kafin ta zo masa a kan uwa ko uba.

Tashe kuma, wanda na ambata har ya jawo mini fushi, ai makarantar wannan fanni ce. Daga goma ga azumi yara su manna gemun auduga su fito da Tsoho da Gemu, suna tafiya a duƙe, ana dariyar tsufa ana kuma tausayinsa a lokaci guda. Jatau Mai Magani yana tona asirin masu maganin ƙarya. A Kano, Nalako yana farautar gwauraye da igiya. Duk da kiɗa da waƙa ake yi, kuma a cikin watan da ya fi kowane wata alfarma.

Amma wanda ya fi zo mini a rai duk lokacin da na ji mai ido ɗayan nan shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos, Adamu Wayya, wanda ya rasu a Yunin 2015. Mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, sunansa ma kansa labarin mutuwa ne, domin iyayensa sun rasu yana ƙarami. A waƙarsa ta Gulma Wuya shi ne magulmaciya, shi ne boka, shi ne matar gida, yana sauya murya kamar mutum biyar ne a wurin, kana dariya alhali aure ake kashewa a gabanka. Ya yi Auren Dole, kuma abin da ya faɗa a ciki shi ne abin da waƙar farko ta fim ɗin nan ta faɗa, shekaru da yawa kafin a ƙera 'yan tsanar. Ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da manyan makaɗa ke bin fada. Kiɗan kuntigi da sauri yake tafiya, da walwala, maganar da ke kansa kuwa sau da yawa ɗaci gare ta kamar maɗaci. Ban ce Elfman ya taɓa jin Ɗan Maraya ba. Na ce dai kunnen da kuntigi ya raina ba zai yi baƙunta a wajen ƙwarangwal ɗin nan ba, kuma shi ya sa na kasa danna rimot.

Ko a fagen katun ɗin ma ba a bar mu a baya ba kamar yadda muke zato. A Jamhuriyar Nijar an yi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe da zama a Tawa ya kuma rasu a 2015. Tun a 1966 ya yi ɗan gajeren katun mai suna Bon Voyage Sim, inda ya mayar da shugaban ƙasa da muƙarrabansa kwaɗi, ana ta faretin girmamawa da jan kafet. Daga baya ya yi Kokoa, kokawar gargajiya amma dabbobi ne 'yan wasan, da 'yan tsana irin dabarar da aka yi fim ɗin da nake magana a kai. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin sunansa? Ni ma sai da na girma na ji.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ke ba ni takaici da finafinanmu na Hausa. Ba na cikin masu cewa a cire waƙa, ni da na tashi da finafinan Indiya ba ni da bakin faɗin haka. Matsalata ita ce tun da Sangaya ya yi kasuwa, aka gane waƙa ce ke sayar da kaset, sai aka ɗauki shekaru ana yin waƙar da ba ruwanta da labarin. Ana tsakiyar rikicin gado sai ka ga saurayi da budurwa a lambu, sun sauya kaya sau huɗu, an gama an dawo rikicin gado. Kana iya fita ka sayo kati ka dawo ba abin da ya wuce ka. Kuma kusan dukkansu murya ɗaya ce, ta soyayya. Ina waƙar uwar miji? Ina ta dillaliya, ina ta mai bin bashi a gidan makoki? Wanda ya kusanci abin da nake nufi shi ne marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Shi kam ya san ana iya ɗaukar abin da duniya ke tsoro a mayar da shi abin dariya, wanda ya ga Ibro Usama ya san haka, kuma waƙoƙin finafinansa ba'a ce da habaici. Sai dai an ɗauke shi a matsayin mai shirme kawai. Yanzu da aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, rawar lambu ta ragu, amma ban ga an maye gurbinta da waƙar da ke ɗauke da labari a kanta ba.

Kada in cika baki, akwai inda Yaya ya fi ni gaskiya. Garin matattun da aka nuna a fim ɗin mashaya ce mai fitilu kala-kala, kowa na shagali, garin masu rai kuwa toka-toka ne kamar an yi hazo. Na gane abin da suke nufi, wai masu ran ne suka mutu a tsaye saboda kwaɗayi da riya. Amma yaro ɗan shekara bakwai ba ya gane habaici irin wannan, abin da ya gani shi ne kabari da daɗi. Dole na zaunar da nawa na ce musu wannan tatsuniyar Turawa ce kamar yadda Gizo ba ya magana da gaske, abin da ke bayan mutuwa kuma shi ne wanda malaminsu na Islamiyya ya koya musu. Akwai kuma wurin da Victor ya yarda zai sha guba don ya cika wa Emily alkawari. Ko da yake ita ce ta hana shi a ƙarshe, ta sakar wa mai rai mijinta, wurin bai kwanta mini ba, kuma na faɗa musu haka. Wanda zai bar yaro da fim ɗin nan shi kaɗai ya tafi kasuwa, ina bayan Yaya a kansa.

Kuma dariyar mutuwa tana da ranarta. A Janairun 2025, da tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, nan kusa da mu, mutum fiye da 80 suka ƙone, wasunsu an kawo su asibitocin garin nan. A makonnin da suka biyo baya ko rediyo ban iya buɗewa da ƙarfi ba. Jikan da ke wasa da sandar kakansa yana yi ne don tsohon ya ci zamaninsa ya ci na wasu. Ba a yin wannan wasa a kan saurayin da ya fita da jarka da safe. Masu fim ɗin ma sun san haka, domin a wurin da matattu suka hau duniya mutane suna ta gudu, kiɗan ban tsoro ya tsaya cak lokacin da wani ƙaramin yaro ya matsa kusa da wata gawa ya gane kakansa ne, ya rungume shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance yanzu kuwa, ba Yaya ne ya ji kunya ba, ni ne. Shekarun baya, 'yar nan tawa da na ce ta mayar da waƙa baya ta gama makaranta. Sai saƙo ya zo daga gida cewa wani mai hali yana nema wa ɗansa ita. Gidan mutunci ne, ba abin da za a ce da su. A lokacin mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗi, ƙannenta biyu suna jami'a, ƙafata kuma ta fara gajiya da sammakon Abuja. Na kwana uku ina lissafi. Na lissafa filin da zan iya samu a Gauraka, na lissafa wanda zai ɗauki ƙaninta aiki, na lissafa yadda za a riƙa tashi a ba ni wuri in na je ɗaurin aure a gida. A dare na uku ina kwance sai na ji bakina yana bin wani kiɗa, ƙwas, ƙwas, kamar tafiyar agogo. Sai da na kai tsakiya na gane wace waƙa ce, na kuma gane cewa a kwana ukun nan ko sau ɗaya ban tambayi yarinyar ba. Ga ni a cikin keken doki da ƙarnin kifi a jikina.

Da safe na kira ta na ce, "Uwata, ga abin da ake ciki, me kika gani?" Ta sunkuyar da kai ta daɗe, sannan ta ce, "Baba, in ka ba ni umarni zan bi, amma akwai wanda na so ka fara gani." Na gan shi. Malamin makaranta ne a Kwamba, Banufe, wanda ya sa har yau in ya zo gaishe ni sai na tambaye shi ko ya zo da kuɗin fansar kansa, tunda mu Katsinawa ba ma barin Banufe ya wuce salin-alin. Shi kuma ya ce ai bawa ba ya karɓar fansa.

Yaya ne ya zama waliyyinta. Ya yi fushi da farko, ya ce na watsa masa ƙasa a ido a gaban mutanen gida, amma ya zo, kuma shi ya karɓi sadaki a masallaci. Da daddare bayan an kai amarya, gida ya yi tsit, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida muna shan iska, Dutsen Zuma ya yi baƙi ƙirin can gefe. Na kunna mana Ɗan Maraya a waya, ƙasa-ƙasa. Ya saurara har ta ƙare yana kaɗa ƙafa. Can sai ya gyara zama ya ce, "Wai ni kam, wannan ɗan banzan mai ido ɗaya, har yanzu yana nan?"

Na ce faifan ya daɗe da karcewa, amma yara sun ce ana samunsa a intanet.

Ya ce, "To bar shi. Tambaya kawai na yi."